Ƙabar da Na Ce Ta Jira

Ƙabar ta dawo mini shekara uku bayan aikin farko. Da safe ne, ina tsaye a banɗaki da buta a hannu, na yi tari, sai na ji wani abu ya turo a matsematsina na dama, daidai ƙarƙashin tabon da likita ya bari. Na sa yatsu biyu na danna, abin ya koma ciki da ɗan ƙugi. Na sake yin tari da gangan, ya sake fitowa. Na yi ta gwadawa har maiɗakina ta buga ƙofar langa-langa ta ce shayi ya huce.

Larabawa fitag suke ce wa wannan ciwo. Mu a gida ƙaba muke cewa, in ta sauka ƙasa sosai kuma a ce gwaiwa, kalmar da babu namijin da ke so a ambata kusa da shi. Muna yara a Umbadda, unguwarmu a Omdurman, akwai wani mai sayar da gawayi da ke da ita, mukan bi shi a baya muna kwaikwayon tafiyarsa, Allah Ya yafe mana. Shi ya sa lokacin aikin farko mutum biyu kaɗai suka san gaskiyar abin, maiɗakina da ɗan kawuna, abokin wasana, wanda muka tashi gida ɗaya. Sauran jama'a na ce musu ciwon ciki ne. Na daɗe ina auna maganar kafin in faɗe ta, har na gamsu ba ƙarya ba ce, tunda hanji a ciki yake.

A lokacin, kafin yaƙin nan da ya watsa mu, ina aiki a wani wurin walda a Alshajara, muna ƙera ƙofofin ƙarfe da tagogi. Hafila biyu, wato motocin bas, nake shiga kullum, ɗaya daga Umbadda zuwa Suk al-Arabi, ɗaya daga can zuwa wurin aiki. Ɗaga ƙofofin nan ne ya jawo mini ta farko, kuma ban huta yadda aka ce in huta ba bayan an yi aikin. Sati uku kawai na yi na koma bakin ƙarfe.

Sai da na yi sati biyu ina ɓoye wa kowa, sannan na je wani asibiti a Omdurman. Likitan matashi ne, da kyar ya girmi ɗana na fari. Ya sa na tsaya, ya sa na yi tari, ya sa na kwanta, sannan ya wanke hannu ya zauna.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa, "ɗinkin farko ya saki. Wannan ba ta rufewa da kanta. Magani ba ya rufe ta, ɗamara ba ta rufe ta. Aiki za a sake."

"Diktor, in na ɗan jira fa?"

"Har yaushe?"

"Har bayan azumi." Saura wata biyu a lokacin.

Ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce tunda tana komawa in na kwanta, kuma ba ta yi mini ciwo sosai, ba zai ce mini gobe zan mutu ba, akwai waɗanda suke zama da ita shekaru. Amma ramin ba ya raguwa sai ƙaruwa, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya saboda tabo. Abin tsoro shi ne ranar da hanji zai fito, bakin ramin ya shaƙe shi, jini ya daina zuwa masa, kuma babu likitan da zai iya faɗa mini wace rana ce.

"In ta yi tauri ta ƙi komawa, ko ciwo ya tsananta, ko ka fara amai, ko cikinka ya kumbura ba bayan gida ba iska, kada ka jira komai, ka taho. In kuma ka ga ta fara wuyar komawa, ka dawo mini a satin nan, kada ka jira ranar da na rubuta maka. Sannan ka bar ɗaukar kaya mai nauyi."

Daman na zo da takarda a aljihu, na rubuta abubuwan da zan tambaya. Na warware ta.

"Jarkar ruwa?"

"A'a."

"Tukunyar gas?"

"A'a."

"Ko babu gas a cikinta?"

"Ko babu."

"Rabin buhun gawayi? Ragon layya, in za a kayar da shi?"

Ya yi dariya har da riƙe tebur. "Ya ammi, rago ya fi ka ƙarfi yanzu. Ka riƙe wuƙa kawai."

"Jikata fa? Shekararta biyu."

"Ka zauna a ɗora maka ita a cinya."

Na fito daga wurinsa da takardata, kowane abu na ja masa layi. Kuma wallahi na kiyaye. Na gaya wa mai wurin walda cewa likita ya hana ni ɗaukar nauyi, ya mai da ni wajen awo da fenti. Jarka ban ƙara taɓawa ba. Ko a hafila in wata tsohuwa ta ce in miƙo mata ƙullin kayanta, sai na fara ɗaga shi da yatsa ɗaya in ji.

Abin da ban kiyaye ba shi ne komawa. Likitan ya ce wannan karon raga za su shimfiɗa a ciki su ɗinke, don wurin ya yi ƙarfi. Na kwana uku ina juya maganar ragar nan. Na je na samu limamin masallacinmu bayan La'asar, na ja shi gefe, na tambaye shi ko sallar mutum tana inganta da baƙon abu a cikin jikinsa, kuma in ya mutu, da shi za a rufe shi ko sai an cire. Ban faɗa masa ni ne ba, na ce wani bawan Allah ne. Ya ce in gaya wa bawan Allahn ya je a yi masa aiki, masu haƙoran ƙarfe ma suna salla a sahun gaba.

Don haka ba ragar ce ta hana ni ba. Banj ne, allurar barcin da suke yi. A aikin farko sun ce in ƙirga zuwa goma, na kai huɗu, sai na buɗe ido na tarar Azahar da La'asar sun wuce ni. Ba wucewar sallar kaɗai ba, na rama su. Inda na tafi ɗin ne, babu komai a can, ko mafarki babu. Na yi ta tunanin in an sake tura ni can, wa ya ce zan dawo.

Azumi ya wuce, na ce bayan Babbar Sallah. Ita ma ta wuce, na ce bari damina ta ɗauke, don hanyoyin Umbadda sun zama taɓo, ba za a iya zirga-zirgar asibiti ba. A tsakanin nan abin ya canja. Da farko da na kwanta take komawa da kanta. Daga baya sai na danna. Daga baya kuma sai na ɗaga ƙafafuna a bango, na yi ta lallaɓa ta kamar rubu'in awa. Wannan shi ne ainihin abin da likita ya ce in na gani in dawo a satin. Na gani, na sani, na ce wa kaina gajiya ce.

Maiɗakina ta tarar da ni wata rana da yamma, ƙafafu a bango.

"Malam, yaushe za ka koma wurin yaron nan likita?"

"Bayan Sallah."

"Wace Sallar? Biyu sun wuce."

"Ai ina kiyayewa. Kin ga na ɗauki wani abu?"

"Ban gani ba. Amma na ga yadda kake sujada yanzu, kamar mai ajiye ƙwai."

Ita ta kai ƙarata wurin ɗan kawuna. Ya zo ranar Juma'a, ya zauna a tabarma yana ɓare gyaɗa. "Sarkin tsoro," ya ce, "an ce ka sake yin ciki. Wata nawa? Mu fara neman ragon suna?" Na ce ya rage murya, katangarmu gajera ce. Ya ce shi zai raka ni, zai tsaya a ƙofar ɗakin aikin, in banj ya riƙe ni zai shiga ya ja ni ta kunne. Na yi masa alkawarin farkon wata. Farkon watan ya zo na ce na gaba.

Wata tara da ganin likita, tsohon da gidansa ke kallon namu ya rasu. Dattijo ne mai jiki, tela, shi ne ya shiga ramin mahaifina ya karɓe shi ranar da muka rufe shi. Da hantsi aka yi masa wanka, bayan Azahar aka fito da shi.

A unguwarmu ba a sa gawa a mota in maƙabarta tana kusa. A kan angareb ake ɗora ta, gadon katako mai saƙar igiya, irin wanda kowa ke kwana a kai, a lulluɓe ta, maza su ɗauka a kafaɗa. Ƙafa huɗu ne, mutum huɗu. Ba a kiran kowa, ba a ce wa kowa zo ka karɓa. Kana tafiya a gefe kana salati, sai ka matsa ka sa kafaɗarka, na wurin ya zame, ka yi taku ashirin ko talatin, wani ya karɓe ka. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake yin haka. Namiji mai lafiya ya bi gawa har maƙabarta bai sa kafaɗa ba, ba wanda zai yi masa magana, amma kowa ya gani.

Na sha tambayar kaina daga baya ko kunya ce ta sa na matsa. Akwai kunya a ciki, ban musa ba. Amma gaskiyar magana, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa ina ɗaukar kaya. Ni da na tambayi likita tukunyar gas wadda babu gas a ciki, ban taɓa tunanin in tambaye shi gawa ba. Kaya shi ne buhu da jarka da ƙofar ƙarfe. Wannan maƙwabcina ne, kuma lada ake nema.

Na karɓi ƙafar baya ta dama. Kafin maƙabarta akwai wani ɗan kwari da ruwan damina ke bi. Na gaba suka sauka, suka fara hawa ɗaya gefen, mu na baya muna ƙasa, sai nauyin dattijon duka ya zubo mana. Na ƙanƙame, na riƙe numfashi na tura sama. A nan na ji abin, kamar an sa ƙugiya a matsematsina an ja. Ban saki ba, don in na saki gawa za ta faɗi. Sai da muka hau wani ya karɓe ni.

Daga nan komai na yi shi a tsaye da haƙora a cije. Aka jera sahu aka yi masa salla, na gode wa Allah da babu ruku'u a cikinta. Na zura hannu ta aljihun jallabiya na taɓa wurin. Ya yi tauri kamar ɗanyen lemo, ko taɓawa ba na iyawa balle dannawa. Na tuna maganar likita kalma kalma, kamar yana tsaye a gabana. Duk da haka na ce bari a gama rufewa tukuna, ba ya kyautu in juya ana cikin saka mutum a rami. Aka sauke shi, aka fara jera tubali. Gumi yana zuba mini, amma jikina sanyi yake ji.

Da na ji amai ya taso sai na zame na koma bayan wata 'yar bishiya mai ƙaya. Na yi aman. Sannan na duba ƙasa da kyau don kada in kwanta a kan kabarin wani, na samu fili tsakanin biyu, na kwanta rigingine na ɗaga gwiwoyi ina lallaɓa ta yadda na saba. Ta ƙi.

A haka ɗan kawuna ya same ni.

"Kai kuma fa? Wuri kake kamawa tun yanzu?" Sai ya ga fuskata, ya durƙusa. "Ita ce?"

"Ita ce. Ta ƙi komawa."

"Tun yaushe?"

"Tun kwarin can."

"Ka ɗauka? Kai da ko buta sai an cika maka rabi, ka je ka ɗauki mutumin da ya fi kowa nauyi a unguwa?"

"Kada ka gaya wa kowa. Kama ni mu fita a hankali, mu samu raksha mai ƙafa uku ta kai mu asibiti."

Ya kama ni, na miƙe rabi, ƙafafuna suka ƙi. Sai kawai ya juya ya ɗaga murya yadda duk maƙabartar ta ji. "Jama'a, ku kawo angareb! Fitag ɗinsa ya shaƙe!" Da Larabci ya faɗa, ya sake faɗa da Hausa don kada wani ya rasa.

Abin da na ɓoye shekara kusan huɗu ya fita a numfashi ɗaya, gaban liman da maƙwabta da surukina. Ba wanda ya yi dariya. Suka kawo angareb ɗin da aka kawo dattijon a kai, yana jingine a gefe, suka ɗora ni, mutum huɗu suka ɗauka da gudu-gudu. Ina kallon sama, ina jin ƙamshin turaren gawa a jikin igiyar, ina jin yadda kafaɗu ke canjawa a ƙarƙashina. A bakin ƙofar maƙabarta akwai wata mai sayar da shayi. Da ta ga angareb yana fitowa da mutum a kai, mutumin kuma yana nishi, ta saki kofin hannunta ta dafe kai tana salati. Ɗan kawuna ya ce mata, "Kwantar da hankalinki, Hajiya, wannan sun ce bai nuna ba tukuna."

Wani maƙwabci mai motar ɗaukar kaya ya kai mu asibiti, ni da gadon duka a baya. Allah Ya sa likitan nan yana aiki ranar. Ya taɓa wurin sau ɗaya, na yi ƙara, sai ya juya yana ba ma'aikata umarni da sauri. Maiɗakina ta iso tana haki, lulluɓinta a karkace, daga gidan makoki aka kira ta. Ta riƙe mini babban yatsan ƙafa, don nan kaɗai hannunta ya kai tsakanin mutane. Banj ɗin da na yi wata tara ina gudu, da suka kawo shi ni nake roƙonsu su yi sauri.

Washegari da hantsi likitan ya zo ya tsaya a gefen gadona. Akwai roba a hancina, akwai wata a hannuna. Ya ce hanjin da ya fito ya riga ya yi baƙi, sun sake shi sun jira ko zai dawo da kalarsa, bai dawo ba, sai suka yanke kamar taƙi guda suka haɗa sauran. Ya ce saboda an buɗe hanji ba su sa ragar ba, tsoron kada ta ɗauki ƙwayar cuta, sun ɗinke ne kawai da naman wurin.

"To za ta iya dawowa ke nan?"

"Za ta iya. Da ka zo da ƙafarka, da raga muka sa, ka kwana ɗaya ko biyu ka tafi gida da hanjinka cikakke."

Na ce, "Diktor, ai kai ka ce akwai masu jira shekaru."

"Akwai. Ta fara yi maka wuyar komawa kafin jiya?"

Maiɗakina ce ta amsa daga kan tabarmarta. "Tun damina, diktor. Ƙafafu a bango kullum."

Bai yi mini faɗa ba. Ya duba robar hannuna, ya ce kada a ba ni ko ruwa sai cikina ya motsa, ya wuce gado na gaba.

Kwana tara na yi a asibitin. A rana ta uku wani tunani ya hana ni sakat. Taƙin hanjin nan da suka yanke jikina ne, jikin ɗan Adam kuma ba a jefa shi a shara. Ban san inda suka kai shi ba, kuma ina jin nauyin tambayar ma'aikatan. Da ɗan kawuna ya zo da yamma, ɗauke da ayabar da ba zan iya ci ba, na yafito shi da hannu na raɗa masa.

Ya zauna ya ɓare ayaba ɗaya wa kansa. "Na san za ka tambaya. Tun ranar na tsaya musu a ƙofa har suka naɗe mini shi. Jiya da safe na kai shi maƙabarta, na haƙa ɗan rami a gefen katanga, nesa da hanyar mutane, na sa shi a farin ƙyalle."

"Ka zurfafa ramin? Akwai karnuka."

"Har gwiwar hannuna. Na ɗora dutse."

"Ka duba ba kabarin wani ba ne?"

"Na duba, sarkin tsoro, na duba." Ya jefa ɓawon a kwano. "Taƙi guda na rufe. Sauran kuma ka riƙe abinka, ni bayana ciwo yake yi."

Na so in yi dariya, ɗinkin ya hana ni, sai hawaye suka zubo ta gefen ido suka shiga kunnena. Ya ɗauki gefen zanen gadon ya goge mini. Ranar da aka sallame ni kuma, shi ya karɓi katin da likita ya rubuta ranar dawowa duba ɗinki, ya karanta ranar da ƙarfi sau biyu, ya miƙa wa maiɗakina. Ta ƙulle shi a bakin lulluɓinta.